Tsohon da Aka Bari a Bakin Rijiya

Akwai magana guda da ta daɗe tana yawo a tsakaninku, kuna faɗinta a bayan idona kuna tsammanin ba na ji: wai mahaifinku ne ya hana ni tafiya karatun digiri a Zariya. Ban san wanda ya fara ta ba, amma na ji ta a bakin autarku ranar sunan ɗanta, tana gaya wa ƙawarta cikin tausayi kamar ta ga abin da idonta, alhali a shekarar ko cikinta ban ɗauka ba. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, yana da nasa halin, ban ce babu ba, amma wannan ba ya ciki. Shi ne ma ya sayo mini akwatin tafiyar, wannan jan akwatin da kuka taso kuka ga ana zuba barguna a ciki. Tunda ba ya nan balle ya kare kansa, bari in faɗa muku yadda aka yi. Akwai littafi a cikin maganar, littafin da ko a lokacin ban ɗauke shi a bakin komai ba, kuma har yau ban canza ra'ayi a kansa ba.

A shekarun ina koyarwa a wata firamare da ke cikin gari, muna zaune a Maitumbi, lokacin gidajen unguwar ba su haɗe da juna ba, kana fitowa ƙofar gida sai gonar doyar wani. Tun da aka yi jiha aka mai da Minna babban birninta garin ya cika da masu takardu, ni kuwa ina nan da 'yar takardar malanta da na fito da ita tun ina budurwa. Kakanku, Baba, yana tsohon gidanmu na bayan tashar jirgi, gidan da nasa mahaifin ya gina sa'ad da aikin reluwe ya kawo shi daga arewa. Shi ma Baba direban jirgi ne har ya yi ritaya, sannan ganinsa ya riƙa raguwa a hankali, har ya zamana safe da yamma duk ɗaya ne a wurinsa. Innarmu ta riga ta rasu. Yayyena maza biyu, ɗaya na Legas ɗaya na Jos, suna aiko da abin da ya sawwaƙa, suna zuwa da babbar sallah. Na yi na yi da Baba ya dawo wurinmu, ya ce shi ba zai kwana a gidan suruki ba, kuma a gidansa ya san inda kowane dutse yake. Da safe Maman Bulus ce ke dama masa kunu, wata 'yar Gbagyi daga wajen Beji da ta daɗe tana haya a ɗakunan waje har muka zama kamar dangi, ita da cocinta mu da masallacinmu. Da an tashi daga makaranta kuma sai ni: in kawo abinci, in wanke masa kaya, in yanke masa farce, sannan in zauna a tabarma a gindin mangwaro in yi masa karatu har bayan la'asar.

Son karatun nan a wurinsa na samo shi. Ina ƙarama, duk sa'ad da aiki ya kai shi Zariya sai ya dawo mini da littafi a aljihun kakinsa, yana warin gawayi da baƙin mai. Yawancinsu labaran al'ajabi ne, na aljanu da sarakuna da tsuntsaye masu magana, kuma in na shiga ciki ba na jin kira. Na ƙona tuwo, na bar akuya ta cinye garin da aka ce in tsare, na sha dukan Inna ba adadi, Baba yana shigar mini. Ku riƙe wannan halin nawa, zai dawo a gaba. To da ya makance sai abin ya juya, ni ke kawowa shi ke saurare. Muka cinye tsofaffin littattafan nan har Baba yana riga ni faɗin abin da ke shafi na gaba. Jarida kuwa ya ce ta ishe shi, ba ta kawo komai sai tsadar kaya, wadda ya riga ya ji a bakin Maman Bulus.

A wannan tsakanin ne wasu sababbin littattafai suka shigo gari, sirara, masu takarda kamar ta ƙunshin ƙosai, a bangon kowanne an zana saurayi da takobi da wani maciji mai kawuna barkatai. A kasuwa ake ba da hayarsu, 'yan makaranta suna ta karɓa-karɓa. Yayarku ta fari, wadda har yau ba na iya kama sunanta sai dai in ce Lami, tana ƙaramar sakandare, kuma cutar ta kama ta sosai. Wata rana na tarar da ita ta buɗe littafin lissafi tana murmushi. Na san ba a yi wa lissafi murmushi, na ɗaga sai ga ɗaya a ciki. Na ƙwace, na yi mata faɗan da ya kamata uwa kuma malama ta yi. Amma gaskiyar magana, da na shiga ɗaki na dubi bangon sai na ji wani daɗi ya taso mini, irin wanda rabona da shi tun ina 'yar yarinya. Na ce ashe har yanzu ana yin irin waɗannan. Washegari na sa shi a jaka tare da kwanon abincin Baba.

"Yau na zo maka da sabo," na ce da shi.

"Na wa'azi ne ko na ƙarya?"

"Na ƙarya."

"Madalla. Gyara zama, Uwata."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ba zan faɗi sunan littafin ba, mai shi wataƙila yana raye, kuma bai yi mini laifin komai ba. Labarin wani yaro ne ɗan shekara sha shida, maraya, wanda ashe ɗan sarki ne bai sani ba, kuma tun kafin a haife shi bokaye sun faɗa cewa shi zai kashe wani matsafi da ya addabi duniya. Ban ƙi wannan ba, ai da irinsa aka rene mu. Abin da ya fara sanyaya mini gwiwa shi ne yaron nan ba abin da ke yi masa wuya. Bai taɓa riƙe takobi ba, ranar da ya riƙe ya karkashe runduna guda. Ba ya jin yunwa, ba ya gajiya, ba ya kuskure, in ya shiga tsaka mai wuya sai wata aljana ta faɗo daga sama ta ce ta kamu da sonsa. Duk wanda ya manyanta a littafin, ko dai mugu ne ko kuma yana bakin mutuwa da wata wasiyya a bakinsa. Ina karantawa ina jiran wannan abin da ke ɗauke ni a da har in manta inda nake, sai na ji kunnena yana wajen kukan kaji da injin niƙan maƙwabta, zuciyata tana wajen abin da zan ɗora in na koma gida. Na ji haushi ƙwarai, irin haushin wanda ya shekara yana marmarin abu, aka zuba masa ya kai baki ya ji ba gishiri.

Baba kuwa ya laƙaba wa yaron suna Sha-shida, yana saurare yana dariya ƙasa-ƙasa. Ba ya gardama da aljanu ko doki mai fiffike, ya ce wanda ya ja jirgi ya ratsa dazuzzukan ƙasar nan ba ya musun abin da bai gani ba. Wuri guda ne kawai ya tsayar da ni. A farkon tafiyar, Sha-shida ya iske wani tsoho mai ciwon ƙafa zaune a bakin rijiya a tsakiyar daji. Tsohon ya ba shi sandar da yake dogarawa, ya ce in ya buga ta a ƙasa duwatsu za su buɗe masa hanya. Yaron ya karɓa, ya rantse cewa da ya gama aikinsa zai dawo masa da ita, ya hau doki ya yi gaba.

"Dakata," in ji Baba. "Sandar da yake dogarawa ya ba shi?"

"Ita."

"To shi da me zai tashi?"

"Ba a faɗa ba, Baba."

"Akwai gari kusa?"

"An ce tsakiyar daji ne."

Ya laluba gefensa ya taɓa tasa sandar, wata ta gora da aka ɗaure wa kai da fata, ya tabbatar tana nan.

"Ci gaba, ma ji."

Muka kai ƙarshe ba mu ji ba. Shafin ƙarshen cewa ya yi a nemi littafi na biyu.

A cikin makonnin nan ne sakamako ya fito, na samu gurbin karatun digiri na malamai masu aiki, shekara uku a Zariya. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so tafiyar nan ba. Ba don ƙarin girma kawai ba. An ce mini akwai ɗakin karatu a can mai hawa-hawa, wanda mutum zai shekara bai gama layi ɗaya ba, kuma tun ranar da na ji haka nake mafarkinsa. Mahaifinku ya ce in tafi, ƙanwarsa za ta zo ta riƙe yara. Yayyena suka ce kada in damu, za su sa a ɗauki mai yi wa Baba hidima. Maman Bulus tana tsaye da tsintsiya a hannu ta ce da ni, da irin Hausarta:

"Malama, ka tafi karatunka. Baba yana hannuna. Kunu ne, ruwan wanka ne, duka zan yi. Karatu ne kawai ban iya ba."

Baba da kansa ya fi kowa murna, ya sa aka kira masa tsofaffin abokan aikinsa ya gaya musu 'yarsa za ta jami'a. Na tsara komai tsaf, wanda zai kawo abincin rana, wanda zai raka shi masallacin Juma'a, lokutan da zan riƙa zuwa hutu. In wani ya ce mini Baba fa, amsata a shirye take, ai na shirya masa komai.

Muka ci gaba da littafin saboda Baba ya nace, da don ta ni ce da tuni na mayar wa Lami abinta. Na biyun ya fi na farko ba ni haushi. Sha-shida ya mutu aka tashe shi da wani ruwa, ya sake mutuwa aka sake tashinsa, daga nan na daina jin tsoro dominsa, kuma in ba ka jin tsoro domin kowa a labari to zaman banza kake yi. Sandar kuwa tana ta aiki, ya buga nan dutse ya tsage, ya buga can kogi ya dare. Duk ranar da na rufe littafi Baba zai bari in tattara kwanuka, in yafa mayafi, sai ina bakin zaure ya ce:

"Yau ma ba a koma wurin mutumina ba."

"Ba a koma ba."

"Ruwa dai yana da shi, tunda rijiya ce. Ko da yake ba a ce akwai guga ba."

Cikin raha yake faɗa, ni ma cikin raha nake amsawa. Bai taɓa haɗa maganar da tafiyata ba, kuma ban yarda cewa jirwaye yake yi mini ba. Shi dai an yi alkawari a gabansa, yana jiran ya ji an cika.

Wata Asabar muna tsintar wake na kasa haƙuri, na sauke haushina a kan Lami. Na jera mata aibin littafin ɗaya bayan ɗaya kamar ina gyaran jarrabawa. Ta bari na gama, kanta a sunkuye, sannan ta ce:

"Mama, ai ba don ke aka rubuta ba."

"Don wa aka rubuta?"

"Don mu. Ke kullum sai kin tambayi wa ya dafa, wa ya wanke. Mu so muke mu ga ya ci nasara."

"Tsohon da ya ba shi sanda fa?"

Ta ɗan yi tunani.

"Wai na rijiya? Mama, wannan ai hanya ce kawai."

Maganarta ta tsaya mini a rai. Na je na ciro ɗaya daga cikin littattafan ƙuruciyata da nake taƙama da su, na sake dubawa da idon neman laifi. Sun fi wannan iya Hausa nesa ba kusa ba, wannan ba na janyewa, kuma mutanen cikinsu suna jin yunwa, mai wauta yana shan wuyar wautarsa. Amma a ciki na tsinci wata tsohuwa da ta ba jarumi masauki da ɗan abincin da ya rage mata, gari ya waye ya wuce, ba a sake ambatonta ba. Na karanta labarin nan ya fi a ƙirga ina yarinya, ban taɓa lura da ita ba. Sai na rasa wanda zan ji wa haushi, littattafan yanzu ko shekaruna.

Littafi na ƙarshe ya yi jinkirin fitowa, ga tafiyata ta matso. Baba ya ce shi dai a ƙarasa masa kafin in tafi, kada a bar shi a rataye. Na riƙa biyawa ta rumfar mai ba da hayar, wani Malam Sule, har ya gane ni. Ya ce marubutan nan su ke buga abinsu da kansu, su kuma ɗauko a mota gari-gari suna rarrabawa, in na zo Asabar ta sama wataƙila in dace da mai shi. Na zo na dace. Ina tsammanin zan ga wani babban mutum, sai ga yaro siriri, gemu bai gama fito masa ba, da jakar leda mai ratsi-ratsi a kafaɗa, ƙafafunsa duk jar ƙasar hanya. Da Malam Sule ya ce ga wata malama tana ta cigiyar littafinka, sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, fuskarsa cike da murna. Ladabinsa ya kashe rabin faɗan da na zo da shi.

"Ɗana, tambaya ɗaya gare ni. A wannan na ƙarshen an koma wurin tsohon?"

"Wane tsoho, Hajiya?"

"Na bakin rijiya. Mai sanda."

Ya ɗaga kai yana tunani, har ga Allah tunani yake yi, sannan ya dafe goshi ya yi dariya.

"Af, wannan. Wallahi na sha'afa da shi. Ai ya gama aikinsa tun a na ɗaya, Hajiya, tunda ya ba da sandar. Labarin ya yi gaba, abubuwa sun yi yawa."

"Yaron ya yi rantsuwa fa."

"Haka ne. In Allah ya sa an sake bugawa zan gyara."

Na sayi littafin, na sa masa albarka, don na ga yaro ne mai neman na kansa. Ban hau mota ba, da ƙafa na taka daga kasuwa zuwa bayan tasha. Abin da ya dame ni shi ne babu mugunta ko kaɗan a fuskar yaron nan. Bai ƙi tsohon ba, bai zauna ya yanke shawarar barinsa ba, abubuwa ne suka yi yawa. Ni kuma na san kaina. Yarinyar da akuya ta cinye gari a gabanta ba ta gani ba, ita ce za a kai ɗakin karatu mai hawa-hawa a ce ta riƙa tunawa da gida. Zan zo hutun farko da tsaraba, na biyu in zo a makare, na uku in aiko cewa jarrabawa ta matso, kuma kowane lokaci ina da hujja mai kyau. Kunu da ruwan wanka ba za su yanke ba, na yarda da Maman Bulus fiye da yadda na yarda da kaina. Amma daga azahar zuwa la'asar, lokacin da gidan ke yin tsit, mutumin da ba ya gani zai zauna a gindin mangwaro ba mai ce masa komai, yau da gobe har shekara uku.

Na karanta wa Baba na ƙarshen. Na yi tunanin in ƙara 'yan layuka daga bakina in sa yaron ya koma rijiya. Ban yi ba, don Baba ya san muryata in ina karatu, ya kuma san ta in ina ƙarya. Sha-shida ya kashe matsafin, ya auri 'yar sarki, aka naɗa shi, sandar kuwa aka rataye ta a fada don tarihi. Na rufe littafi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Na ma ga mai littafin, na tambaye shi. Ya ce ya manta."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa.

"Yaro ne ko?"

"Yaro ne."

"To ai ba laifi. Yaushe ne tafiyar taki, Uwata?"

"Na fasa."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne, amma ya juyo da fuskarsa daidai inda nake kamar yana ganina.

"Saboda wannan shirmen? Ni ba tsohon cikin littafi ba ne. Ina da gida, ina da maƙwabta, ina da 'ya'ya. Kuma shi ma mutumin nawa, ke ce kike ganin yana nan zaune. Ni na daɗe da sanin abin da ya yi. Ya jira kwana biyu, ya ga yaro bai dawo ba, ya ja jiki zuwa gindin wata bishiya ya karyi reshe, ya dogara ya tafi gidansu. Wa ya ce miki sanda ɗaya ce a daji?"

"Ba a rubuta haka ba, Baba."

"Ba a kuma rubuta ya mutu ba."

Ya yi kwanaki ba ya amsa mini sai da ƙyar. Mahaifinku ma ya yi ta lallashina, har ya ce shi zai riƙa biyawa bayan ofis ya yi wa Baba karatun. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, na kuma san ofishinsu da lokacin da suke tashi. Maman Bulus ta bari sai da ta ga babu kowa, sannan ta ce, "Malama, ka yi taurin kai," ta wuce da bokitinta. Na aika musu a Zariya cewa na gode, ba zan samu zuwa ba. Akwatin ya koma na barguna.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Gurbin bai sake zuwa ba. Da na sake nema bayan shekaru an canza tsari, ni kuma ƙanananku sun zo. Yaran da na koya wa baƙi da wasali suka je suka dawo da digiri, ɗaya daga cikinsu ta zama shugabar makarantar da nake, tana ce mini Mama, ita ke ba ni izini in zan je asibiti. Ta kyautata mini, amma abin ya yi mini ciwo, kuma yana yi har yau in na tuna. Na yi ritaya a inda kuka gan ni. Baba ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma kada ku ɗauka duk daɗi ne. Tsufa ya sa masa faɗa, wata rana in zo da littafi ya ce muryata ta ishe shi, wata rana kuma ya riƙe ni har kiran magariba. Ban sake kai masa irin na Sha-shida ba, ni ma ban sake nema ba. Sau ɗaya bayan rasuwarsa na ga jikokina da wasu masu kauri na Turanci, bangonsu yana ƙyalli, na karɓa na duba. Yaro ne dai, an faɗi zuwansa tun kafin a haife shi, ga kuma wani tsoho a shafukan farko yana miƙa masa abu. Na mayar musu da abinsu. Ba na hana kowa karantawa, Lami ta yi gaskiya, ba don ni aka rubuta ba.

Ko na yi daidai, ban sani ba. Akwai ranakun da nake ganin Baba ne mai gaskiya, da na tafi da ya karyi reshensa ya yi zamansa lafiya. Akwai kuma ranakun da nake tuna shirun gidan nan da azahar. Abin da na tabbatar shi ne ba wanda ya hana ni, ni na hana kaina, saboda haka ku sauke wa mahaifinku wannan kayan.

Na kuma ji shawarar da kuke yi tun da gwiwata ta fara ba ni wahala, wai Lami za ta ajiye aikinta a Abuja ta dawo Maitumbi ta zauna da ni. Ita da ta ce tsoho hanya ce kawai. Na hana, kuma ba kara nake yi ba. Na san abin da irin wannan zaman ke ci, ya ci nawa, ba na so ya ci na wani a kaina. Ku zo da sallah, ku kira waya, in kun manta wani makon ba zan ce kun ƙi ni ba, na san abubuwa ne suka yi yawa. Makon jiya Bulus, ɗan Maman Bulus, ya je gida Beji, na ce ya saro mini sanda mai ƙwari a gonarsu. Ya kawo, na sa an ɗaure mata kai da fata, jiya da ita na je har bakin titi na dawo.